Zanen Balaraba

Madina, unguwar Bani Harisa,
ranar Asabar bayan la'asar.

Zuwa ga mahaifiyata, abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, Ya yalwata miki shi, Ya haskaka shi. Idan kin tambayi lafiyarmu, muna nan ƙalau. Baba lafiya, sai ramar karatu. Maryama ta shiga shekara huɗu, baki kamar an kunna rediyo.

Haka malamar insha'i ta koya mana buɗe wasiƙa, to ga shi na buɗe. Amma Umma, tun jiya na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a ɗaki sai in ji bango ya matse ni, in na hau soro sai in ga duwatsun nan sun tsare ni da ido. Shi ya sa na ɗauko takarda. Na san su Rabi da muke musayar littattafai sai sun leƙa ta, su leƙa ɗin, ba da su nake ba.

Baba ya gama jami'a. An kira shi koyarwa Kano, saura kwana goma sha ɗaya mu tashi. Shekara biyu ke nan da kika bar mu, yanzu kuma mu ne za mu bar ki. Ke kina maƙabartar Baƙi'a, ni za a kai ni garin da ban taɓa gani ba sai a bakin Baba, in je in yi musu Hausar da ko baƙin alhazai dariya take ba su.

Wata guda da ya wuce muka fara ɗaurin kaya. A ƙasan akwatinki na ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan gado, na ci karo da shi. Baƙin zanen saƙi mai ƙyallin shuni, wanda kika sa Baba ya sayo miki daga Kano tun ina aji biyu. Yana naɗe yadda kika naɗe shi, ƙullin kanumfari a tsakiya. Baba ya dube shi ya ce kaya sun yi yawa, a ba Hajiya maƙwabciyarmu ta riƙa tunawa da ke. Ni da ban taɓa musa wa Baba magana ba, sai na ji bakina ya ce, ai wannan yana da mai shi. Zanen Balaraba ne.

Bari in maimaita miki labarin yadda kika ba ni shi, ki ji ko na riƙe daidai.

Iya, mahaifiyarki, da Malam mahaifinki, a ƙafa suka baro ƙasar Kano. Suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga, sannan suka haye teku a jirgin katako, aka sauke su kusa da Yanbu. Daga nan ayarinsu ya kamo tsohuwar hanyar Madina ta Badar, Iya da tsohon ciki. Bayan Badar naƙuda ta kama ta a wani zango mai rijiya da goruba uku. Nan aka haife ki, shi ya sa tsofaffi suke kiran ki Ta-Zango. Zazzaɓi ya kwantar da Iya, nononta ya ƙafe, ayari ya gaji da jira ya wuce. Sai matar wani mai gonar dabino, da jaririnta a hannu, ta ɗauke ki ta haɗa ku a ƙirjinta. Wata bakwai kuka yi a wurin. Malam yana yashe musu magudanar ruwa yana hawan dabino, Iya da ta warware tana yi musu daka. Ranar tafiya Iya ta bar mata akushinta, ita kuma matar ta biyo ku har bakin hanya tana cewa a kawo mata 'yarta ta gani in ta yi aure. Iya ba ta riƙe sunanta ba, Balaraba kawai take ce mata.

Kin yi aure, kin haife ni, ba ki je ba. Kullum maganarki ɗaya: "Bari a sauke alhazai." In an sauke, "Bari zafi ya ragu." In ya ragu, Baba yana jarrabawa. Sai cikin Maryama, sai ciwon nan. Ranar ƙarshe da na gan ki kin buɗe akwatin, kin shafa zanen kin ce, "Nono ba ya tsufa, Zainabu. Ina sane da ita."

To ni ma ina sane. Na roƙi Baba da kuka, ya ce in Kawu Isa ya yarda ya ɗauke ni, ya ba ni Alhamis uku. In ba a same ta ba, zane na Hajiya ne, kuma kada in sake tayar da zancen.

Ƙanenki yana nan yadda kika san shi. Har yanzu da farar wanit ɗinsa, a-kori-kurar nan mai ƙofa ɗaya da ba ta buɗuwa sai ta waje. Har yanzu sana'arsa bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin butocin gahawa na tagulla, da mundaye, da ƙararrawar raƙumi, da makullan katako, ya kawo wa masu shaguna kusa da Harami. Da na gaya masa, ya ce, "Ya binti, ni duk wani lungu na kwarin Wadi Safra na san shi kamar aljihuna. Goruba uku? Yalla, kafin azahar mun dawo."

Kin san halina da littattafan nan na soyayya da nake sakawa cikin bangon littafin fiƙihu, waɗanda kika kama ni da su sau biyu kika yi kamar ba ki gani ba. A cikinsu in yarinya ta fita neman abin da ya ɓace, a babin ƙarshe take samunsa, ana yayyafi, wani saurayi marar magana mai tabo a gira yana riƙe mata ƙofa. Wallahi Umma har na shirya yadda zan sauko daga mota, da yadda iska za ta ɗaga gefen abayata. Ban lissafa da zafi ba, ban lissafa da warin fetur ba, ban lissafa da kaset ɗin Kawu guda ɗaya da yake juyawa tun daga Madina har Musaijid ba.

Alhamis ta farko muka fita bayan asuba. Zanen yana kan cinyata cikin jaka. Muka bi kwalta, muna wuce manyan motoci da injinan da ke fasa dutse, an ce wata sabuwar hanya ake yi da za ta bar waɗannan garuruwa a gefe. Hantsi ya ɗaga muka sauka kwalta muka shiga tsakuwa. Ba mu yi nisa ba na hango ta, goruba, da rassanta biyu kamar mai ɗaga hannu yana addu'a. Ga wata kusa da ita. Ga ta uku. Na daki gaban motar na ce Kawu tsaya! Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba.

Ya tsaya. Ya bar ni na fita na zagaya su, ba rijiya, ba ko tsohon bango. Sannan ya ja motar muka sha kwanar dutsen, ya ce, "Buɗe idonki." Umma, goruba ce fal cikin kwarin, daga nan har inda ido ya ƙare. Uku-uku, biyar-biyar, wasu a tsaye wasu a kishingiɗe. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce yanzu ya gane. Iya tun da ta baro teku ba ta ga itacen da ta sani ba, ga ciki ga gajiya, idonta a ƙasa. Da ta ɗago ta ga goruba sai ta ɗauka 'yan uwa ne suka biyo ta, ba ta ƙara duba ko akwai wasu ba. Ya ce, "Bahaushe in ya ga goruba a baƙon wuri, gani yake don shi kaɗai Allah Ya shuka ta."

Ni ban yi dariya ba. Rijiya tara muka leƙa ranar, bakwai a ƙafe. Kawu ya samu butoci biyu da turmin gahawa, ya dawo yana waƙa. Na dawo da zane.

Alhamis ta biyu ya ce mu bar bin itace mu bi mutane. Ya kai ni wata tsohuwar kasuwa da ba kowa, a gindin dutse, ga ragowar wata ganuwar Turkawa a samanta. Rumfuna ne na dutse da laka, jere biyu suna fuskantar juna, rufinsu duk ya rufta. Na shiga ɗaya, ta yi mini kaɗan, sai da na sunkuya. Kawu ya nuna mini inda ake durƙusar da raƙuma, da wani dutse mai santsi da ya ce da shi ake auna dabino. Ya ce a nan mutanenmu suke kwance ƙunshinsu. Ba su da raƙumi ba su da jaki, abin da kai ya iya ɗauka shi ne jarinsu: allura, kwalli, citta, busasshen goro, kanwa, jar fata. Allura biyu a ba ka dabinon kwana uku. Ɗan kwalli a tandu a ba ka salkar ruwa da izinin kwana kusa da rijiya. Wanda kayansa suka ƙare ya tsaya ya yi dako ko ya yi ɗinki, sai ya samu na gaba. Haka zango bayan zango, har su hango koren ƙubba.

Na tsuguna ina tona ƙasa da tsinke, sai ga ƙwayar wuri, irin kuɗin da, fari, an fasa bayansa. Na ce Kawu, wannan daga gidanmu ya zo, wa ya sani ko daga ƙullin Iya ya faɗi. Ya juya shi a tafin hannu ya ce Larabawan daji ma da shi suke yi wa linzamin raƙumi ado, ya miƙo mini. Duk da haka na ƙulle shi a bakin mayafina. Yana nan, zan tafi da shi Kano, in ya so a ce na kai wa teku gishiri.

A bakin kwalta muka tarar da tsofaffi suna shan gahawa a wata rumfa. Kawu ya sauka, ni ina mota ina ji ta taga. Ya tambaye su Zangon Goruba. Suka dubi juna. Ashe Umma wannan suna mutanenmu ne suka raɗa wa wurin a tsakaninsu, kamar yadda suka raɗa wa kowane zango nasa, mai wurin bai taɓa jin sa ba. Wani mai jan gemu ya ce, "Takari? Sun wuce nan kamar tururuwa, babu rijiyar da ba ta shayar da su ba. Allurarsu dai ba ta karyewa." Da Kawu ya kawo zancen jaririya da mai shayarwa, sai suka ce idanun ruwa sun ƙafe, ƙauyukan ciki sun watse, wasu sun koma Yanbu wasu Madina, wa zai tuna nonon shekara arba'in. Mai jan gemu ya ƙara da cewa mu gaida gida.

Wannan makon ban san yadda na yi shi ba. Na ƙona shinkafa sau biyu. Na ɗauko littafi mai daɗin da Rabi ta aro mini, na karanta shafi ɗaya sau huɗu ban san me ya ce ba. Ina ta lissafi: in Balaraba ta rasu fa? In tana Madina, muna wuce juna a ƙofar mata a Harami, kafaɗa na gogar kafaɗa? Har na fara kallon fuskokin tsofaffi a masallaci kamar mai neman ɓarawo. Hajiya maƙwabciya ta shigo taya mu ɗauri, ta ga jakar a rataye ta ce, "Wannan ne zanen nawa?" Da wasa ta faɗa, amma sai da na shiga bayi na yi kuka.

Alhamis ta uku, shekaranjiya. Kawu ya daina waƙa. Ya ce akwai wani reshen kwari da bai taɓa shiga ba saboda hanyar na cin taya, mu gwada, daga shi halas, an gama. Muka yi ta hawa da gangara, motar na jefa mu sama kamar wake a faranti. Gidajen laka babu rufi, gonakin dabino da suka mutu a tsaye, kututture baƙi ƙirin. Ga abin da ya fi ɓata mini rai: a wannan kwarin ko goruba ɗaya babu. Na ce Kawu mu juya, ba nan ba ne. Ya ce sai ya samu filin juyawa. Kafin ya samu, motar ta yi zafi, hayaƙi ya turnuƙe daga gabanta.

Ya buɗe ta yana yi mata faɗa da Larabci, yana jiran ta huce ya zuba ruwa. Ni na koma inuwar wani dutse na zauna, jaka a cinya. Rana ta take tsaka. Na ce miki a zuciyata, Umma, na yi iyakar yina, ki yafe mini. Har na fara shirya yadda zan miƙa wa Hajiya zanen ba tare da na yi kuka ba.

Sai na ji ƙarar awaki. Can ƙasa, wajen wasu 'yan dabinai da suka rage da rai, wata mata ta fito tana kora su. Baƙaƙen kaya, fuska a rufe, irin matan daji da muke gani kullum. Na kawar da kai, sai kuma na sake dubawa, don wani abu a tafiyarta ya tsaya mini. Ƙafafu biyu ne ƙanana, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna lilo a ƙugunta.

Goyo, Umma. A bayanta.

Kin san matan nan ba haka suke ɗaukar yara ba. Ko a kafaɗa, ko a kwiɓi, ko cikin 'yar shimfiɗar fata mai igiya da suke ratayawa. Wannan kuwa zane ta zagayo ta ƙarƙashin hammata, ta soke shi a ƙirji, ta ɗaure da majanyi a sama. Ina kallo yaron ya zame kaɗan, ta sunkuya, ta yi ɗan tsallen nan da kafaɗa ta mayar da shi, ta kai hannu baya ta bubbuga ɗuwawunsa sau biyu. Yadda kike yi wa Maryama. Sak.

Na tashi na ce Kawu dubi. Ya duba ya daɗe, ya ajiye galan ɗin ruwa. Ya ce, "Ni namiji ne, in na doshe ta a wannan daji sai an fito mini da bindiga. Ke za ki je." Na ce ban iya ba. Kin san ni, ko gishiri aka aike ni saye sai na tsaya a ƙofar shago ina maimaita abin da zan ce. Ya ce, "To mu koma, a ba Hajiya."

Na gangara. Takalmina ya cika da tsakuwa, iska ba ta ɗaga gefen abayata ba, tuntuɓe ma na yi. Na yi sallama, na sake yi. Duk jawabin da na haddace ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, wa ya koya miki wannan ɗaurin? Ta yi dariya a bayan lulluɓi. Ta ce uwar mijinta ce, duk matan gidansu haka suke yi, har maƙwabta na yi musu ba'a suna kiran su gidan Takari. Ta ce tsohuwar takan ce wata baƙar mata ce ta koya mata, shekarar da ta shayar da biyu, don ta goya ɗaya ta rungumi ɗaya ta kuma iya zuwa ɗiban ruwa. Na ce tsohuwar tana da rai? Ta ce, "Rai? Yanzu ma ta gama zagina a kan awakin nan."

Na tambaye ta gorubar. Ta ce ta ji ana faɗi, amma ambaliya ta kwashe su tun kafin a kawo ta gidan. Kin ji, Umma. Alhamis biyu da rabi muna neman abin da ruwa ya tafi da shi tun ban zo duniya ba.

Gidan na bulo ne, sabo, an gina shi jikin tsohon na laka. Aka shigar da Kawu wajen maza, ni aka kai ni ciki. Tana zaune a kan tabarma, 'yar ƙarama, hannuwanta jajur da lalle, idanunta sun yi fari-fari. Ummu Salim ake ce mata. Salim ɗin shi ne wanda kuka sha nono tare, yana tuƙin babbar mota a Yanbu, kin ga ashe ina da wani kawun ban sani ba. Surukarta ta sunkuya ta yi mata magana a kunne. Tsohuwar ta miƙo hannu ta laluba fuskata, goshi, hanci, haɓa, ta kama kunnena ta murza. Sai ta ce, da bakinta na Larabawa da bai iya lanƙwasa shi daidai ba, "Ta-Zango."

Na ce ni 'yarta ce.

Ta ce ta sani, ai ba ta haukace ba, Ta-Zango yanzu ta yi arba'in. Ta hau tambaya ba ta jiran amsa. Wa ta aura? 'Ya'ya nawa? Har yanzu tana cizo in ta ƙoshi? Ta sa aka kawo dabino, sai ga shi a cikin akushi. Baƙi, ya tsage a gefe an ɗinke shi da waya, bakinsa ya cinye saboda hannu. Daga baya da aka fita da shi wajen maza na hango idon Kawu ya yi ƙyalli irin na kasuwa, na kafe shi da ido ta labule, ya mayar da hannunsa aljihu.

Sai ta juya fuskarta wajen ƙofa ta ce, "To me ta tsaya yi a mota? Kunya take ji don ta daɗe? Ku ce ta shigo, ba zan yi mata faɗa da yawa ba."

Umma, a littattafaina in an zo irin wannan wuri sai a ja layi a buɗe sabon babi. Ni ba wanda ya ja mini layi. Surukar tana kallona, yaron da ke bayanta yana tsotsar yatsa. Na kama hannun tsohuwar da hannuwana biyu na ce, Allah Ya yi mata rasuwa, shekara biyu ke nan, tana Baƙi'a. Na ce ba ta manta ki ba, kullum tana cewa za ta zo. Na buɗe jakar na ɗora mata zanen a cinya na ce, wannan naki ne, tun ina ƙarama ta ajiye miki.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati a hankali, ta ce Baƙi'a maƙwabtaka ce mai kyau. Ta warware zanen, kanumfarin ya zube a tabarma. Ta shinshina shi, ta shafa saƙar da babban yatsa, ta ce irin na Iya ne, mai zuba a jiki. Hawaye yana bin tsagun fuskarta ba ta share ba. Sannan ta juya mini baya, a zaune, ta ce, "Matso."

Ban gane ba. Surukar ta tura ni. Na durƙusa a bayanta, ta jawo hannuwana ta ɗora a kafaɗunta, ta wurga zanen ya rufe mu mu biyu, ta zagayo da shi ta ƙarƙashin hammata ta soke a ƙirji. Ni ƙatuwa, na fi ta tsawo, ƙafafuna a ƙasa. Ta fara jijjiga gaba da baya, ta kai hannu baya ta bubbuge ni sau biyu. Ta ce, "Haka nake mata. Ba ta barci sai haka."

Na kifa fuskata a bayanta. Warin hayaƙi da lalle da kanumfarinki. Kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ke, saboda mutane sun cika gida kuma ina jin kunya, a nan na yi shi.

Akwai abin da ban taɓa ba ki haƙuri a kansa ba. Kin tuna ranar da kika zo ɗaukata a makaranta da Maryama a bayanki, abaya ta yi tozo, 'yan ajinmu suka yi ta dariya suna cewa uwar Zainab raƙuma ce? Da muka dawo gida na ce kada ki ƙara zuwa da goyo. Kin dai dube ni kawai. Daga ranar a hannu kike kawo ta, kina sauya kafaɗa, ga ciwo ya fara cin ki. Ban taɓa yarda kin koya mini ɗaurin ba. Abin da na guje wa a gidanmu, shi na tarar ana tinƙaho da shi a ƙarshen wani kwari da mota ba ta son shiga.

Kafin mu taso na ce ta koya mini. Aka ba ni jikanta, ta sa na yi sau biyar tana laluba ƙullin tana cewa ya yi sako-sako, za ki yar da ɗan mutane. Ta cika mana buhu da dabino da garin lalle. Ta ce in je Kano in gaya musu suna da 'yar uwa a nan. An ce a can kowace yarinya da goyo take tashi, to in sun tambaye ni inda na koyi nawa, zan ce a wajen Balaraba.

Jiya Juma'a bayan la'asar na ɗauki Maryama. Ta yi nauyi, ta ce ita ba jaririya ba ce, na ce yi shiru ki hau. Na goya ta da zanenki mai ruwan ƙasa, na yafa abaya a kai, ta yi tozo. Muka bi ta tsakiyar kasuwa ido na ganin ido, muka wuce biyu daga 'yan ajinmu, na gaishe su da suna. Muka je jikin katangar Baƙi'a, inda mata ke tsayawa. Ban san wanne ne naki ba a cikin duwatsun nan marasa suna, sai na juya a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, don duk inda kike ki gan mu.

Saƙonki ya isa, Umma. Har yanzu hankalina bai kwanta da tafiyar nan ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma akwatinki ya rufu yanzu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa kabarinki dausayi ne daga dausayoyin Aljanna. Ya jiƙan Iya da Malam da duk wanda ƙafarsa ta taka wannan hanya bai ƙarasa ba. Ya saka wa Ummu Salim da alheri a kan kowane ɗigo, Ya shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ya haɗa ku a zangon da ba a tashi daga gare shi, mu ma Ya kawo mu. Amin.

Ni ce 'yarki da ke goye da ƙanwarta,
Zainabu